Manyan Baƙaƙen Baba

Babana manyan baƙaƙe kaɗai ya iya karantawa a boko. Ajin yaƙi da jahilcin da ya shiga yana saurayi bai kai su ga ƙanana ba. Ruwa ya sauka, kowa ya koma gona, malamin kuma bai sake dawowa ba. Da wannan rabin karatun ya yi ta rayuwarsa, yana karanta buhun taki da jikin mota, bai taɓa jin ya rasa kome ba. Sai da sanƙarau ya kwantar da shi ya tashi babu kunne, sannan muka gane cewa daga nesa ba ta inda za a yi masa magana sai ta nan.

Ƙauyenmu can bayan Faru yake. Da 'yan bindiga suka matsa, gida-gida aka riƙa watsewa. Yayana ya koma Bakura noman shinkafa, ni kuwa dama aure ya kawo ni Mafara, ina aiki a wani shagon kwamfuta. Baba ya kafe. Innarmu tana maƙabartar garin, gonarsa tana bakin rafi, shi ke nan magana ta ƙare.

"Ba ni tahiya ko'ina," in ji shi, da ƙarfi yadda kurame ke yi. "Nan anka haihe ni."

Ni na haɗa wa ƙungiyar 'yan garinmu wani ɗan shafi a yanar gizo. Akwati ɗaya ne na rubutu. Duk ɗan kwamitin ƙungiyar da ya samu labarin an ga motsi a daji sai ya rubuta a ciki, shafin ya ajiye, ya tura saƙon zuwa wayar kowa. Na saya wa Baba ƙaramar waya, na sa ta riƙa girgiza, na ce ya bar ta a aljihun ƙirji. Har yabona aka yi, ni ma na ɗan ji kaina ya kumbura.

Wata ranar kasuwa sai ga Baba a ƙofar shago. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya miƙo mini wayar.

"Ɗiyata, mi anka rubuta nan? Waɗanga ƙanana awa kiyashi, ban gane su ba."

Na duba. Saƙon makon jiya ne: kada kowa ya fita gona yau, an ga babura ta rafi. Na ɗauki biro na rubuta masa a takarda da manya: KA JE GONA RANAR? Ya yi dariya. Ya ce ya je mana. Yana duƙe sai ya ji ƙasa tana rawa a tafin ƙafarsa, ya kwanta cikin gero har suka wuce. Yana ba ni labarin kamar na wani. Ni kuwa a nan na gane sai da manyan baƙaƙe saƙo zai same shi.

Na fara da roƙon 'yan kwamiti su riƙa rubutu da manya. Kowa ya ce to, ba wanda ya yi. Na kira sakatare, wanda kawuna ne ta wajen uwa, na sauke masa kwandon masifa.

"Kawu, maɓalli guda hwa za ku danna! Ran mutum bai kai maɓalli guda ba?"

"Ke ɗiyar nan, kina zaune ƙarƙashin fanka," ya ce. "Mutumin da ka rubutu yana gudu, shi za ya tuna da babba da ƙarami?"

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta ƙona ni. Na gwada koya wa Baba ƙananan, ya ce idonsa ya tsufa, haƙurinsa ma ya tsufa. Sai na zama ni ce ke juya kowane saƙo da hannu in sake tura masa. Wayata ta zama kamar jinjiri. Da ita nake shiga wanka, a gefen darduma take in ina salla, in ta yi ƙara ina tsakiyar raka'a zuciyata ta bar sallar tun kafin in sallame. Na rame. Mijina ya ce in ban yi hankali ba ni za a riga binnewa.

Dole shafin ya riƙa juyawa da kansa. Na shiga ciki na sa akwatin ya nuna kome da manya. Na rubuta da ƙanana, sai ga su sun miƙe tsaye a gaban idona. Na yi hamdala, ranar har tuwo na ƙara. Kwana kaɗan sakatare ya tura sanarwar taro, ta shigo wayata da ƙananan nan nata tsaf, ko ɗaya bai girma ba. Ashe riga kawai na sa musu. A fuska manya ne, amma abin da shafin ke ajiyewa ya tura yana nan yadda aka buga shi. Na fashe da kuka a gaban masu jiran hoton fasfo, ban ko ji kunya ba.

Na share hawaye na koma. Na bi rubutun daga akwati har inda ake karɓarsa kafin ya shiga ma'ajiya, na sa masa layin umarni guda: duk abin da ya zo, a mai da shi manya tukuna, sannan a ajiye. Wannan karon ban yarda da fuska ba. Na buɗe ma'ajiyar na gani da idona, na tura gwaji zuwa wayata, na kira yayana a Bakura na sa ya faɗa mini siffar kowane baƙi. Duk da haka ban daina kai wayar banɗaki ba.

Ranar da abin ya zo, gero ya nuna ana shirin yanka. An kwana biyu ba wuta a unguwarmu, wayata ta mutu tun safe. Sai bayan azahar na samu caji a shago. Tana kunnuwa saƙo ya faɗo, na tun hantsi: KOWA YA FITA DAGA GARI YANZU SUN TAHO DA YAWA. Na kira Baba, ko da na san ba zai ji ba, a kashe. Na kira maƙwabcinsa, a kashe. Na samu Kawu a waya, ya ce shi ma bai san kome ba. Ban san yadda na isa tasha ba, takalmina ma ba iri ɗaya ba ne. Duk motar da ta shigo daga Maradun, hanyar ƙauyenmu, sai na leƙa ta kujera-kujera, ina tambayar mutanen da ba su san ni ba ko sun ga wani tsoho kurma. Ban da "Ya Allah" babu addu'ar da ta zo bakina.

Rana ta yi ja sai ga shi yana saukowa daga bayan akori-kura, fartanya a kafaɗa, ƙafafunsa duk taɓo. Bayansa tsofaffin unguwarmu ta ƙauye ne. Ɗaya daga cikinsu ta ce shi ya bi su ƙofa-ƙofa yana ɗaga waya yana kururuwa. Na durƙusa a nan cikin tasha na riƙe ƙafarsa.

Geron ba mu muka yanke shi ba. Baba yana gidana har yau, kullum a bakin ƙofa, wayar tana aljihun ƙirjinsa. In ta girgiza zai ciro ta, ya bi baƙaƙen da yatsa, ya mayar. Jiya ya kira ni, ya nuna mini ita.

"Ɗiyata, in saƙon komawa gida ya zo, ki tabbata da manya za ya zo. Kada ya wuce ni."