Kwamfutar Injiniya Sabo

Jama'a, mun samu kwamfutar, amma wallahi ba yadda muka zata ba!

Kun san wata biyu ke nan muna neman mai taimaka mana da babbar kwamfuta, tun da wadda muke gwada manhajarmu ta adana bayanai a kanta ta ƙone. Aikin sa kai ne, ba mu da halin sabuwa. Injiniya Sabo na Sheshe ya yi mana alkawarin tasa. Yau da hantsi saƙo ya shigo daga lambarsa: "A zo a ɗauka."

Na tari adaidaita ina ta murna. Ina shiga lungunsu sai ga tabarmi a ƙofar gida, mutane sun yi jugum. Innalillahi! Ashe jiya aka kai Injiniya Sabo makwancinsa!

Na yi gaisuwa zan tashi, sai wansa ya riƙe hannuna. "Malam, kai ne na kwamfuta? Matarsa ce ta turo maka saƙon."

Daga bayan labule ta ce, "A asibiti ma sai da ya ce kada a sa ta a rabon gado, ya riga ya bayar. Ku ɗauka, ku sa shi a addu'a."

Ga kwamfutar nan a ɗakina. Na kasa kunnawa.