Takin Soron Ɗinki

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya ranar Asabar ɗin nan, ni da maƙwabcina da direban akori-kurar da muka ɗauko. Kano muka nufa, kuma ba sayayya za mu ba, shara za mu ɗebo. Masu dariya ku yi abinku. Takin zamani ya fi ƙarfina bana, gonata kuwa ta gaji. In ban zuba mata komai ba kafin ruwan shuka, kara kawai zan girbe.

Tun zamanin mahaifina akwai wani gida a unguwar Soron Ɗinki, cikin birni, da ke tara mana toka da kashin awaki da sharar tsakar gida. Shi da jakuna yake zuwa, da kaka kuma ya kai musu dami. Tsohuwar gidan, Hajiya, ita ta bugo min waya. Ta ce ƙaramar hukuma ta fito da sabon tsari: leda da robobi na masu narkar da su ne, taki na manoma, ragowar kaɗai ake kaiwa babbar bola. Amma motar shara za ta zo Asabar, kuma abin da ta tarar a ƙasa ba ta bari.

Hanyar Gwarzo ta yi mana kirki har Kabuga, inda cunkoso ya riƙe mu. Muka sayi koko da ƙosai ta taga. Ƙosan Kano ya ƙanƙance, sai ka duba da kyau kafin ka gan shi a takarda. Ban ji daɗinsa ba, don idona yana gabas, inda hadari ya fara haɗuwa. Direba ya ce mai wucewa ne.

Muka bi gefen badala muka shiga ta Ƙofar Na'isa. Muna isa bakin lungun su Hajiya muka tarar tifar shara ta riga mu, leburori sun kusa gama kwashe tulin farko. Na biyu, namu, yana jikin katangar gidan Hajiya. Na dira tun mota ba ta gama tsayawa ba.

Duba-garin da ke tare da su ya saurare ni, sannan ya karɓi shebur ya caka a tulin ya juya. Ciki tas, baƙi wuluk, har ƙamshin ƙasa yake. Ya zagaya ɓangaren hanya ya sake cakawa, sai ga ledar ruwa, ga baƙar leda, ga tsumma. Masu wucewa sun yi ta jefawa.

“Malam, wannan ya zama shara,” in ji shi. “Ba zan bari a kai gona ba, kuma ba zan bar shi nan ba. Ka dubi sama. Bara irinsa ne ya toshe kwata, ruwa ya shiga gidajen mutane.”

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma gaskiya ya faɗa. Maƙwabcina ma shaida ne. Bara saniyarsa ta mutu bayan ta yi kiwo a gonar da aka zuba irin wannan, mahauci ya ciro ƙullin leda daga tumbinta kamar ƙwallo.

Sai ga Hajiya ta fito daga zaure da sandarta da 'yar kujera. Ba ta ko amsa gaisuwata sosai ba. Ta zauna gaban tulin ta ce da duba-gari, “Ɗan nan, in babu ledar fa?”

“To taki ne, Hajiya. Amma in aka fara yayyafi, kwashewa za mu yi.”

Ta naɗe hannun riga ta fara tsinta. Kunya ta kama ni, na durƙusa kusa da ita, maƙwabcina ya biyo. Direbanmu da ke ta kare farar shaddarsa ya dubi tsohuwa, ya tuɓe rigar ya rataya. Leburorin tifa suka gama nasu suka tsaya kallo, can ɗaya ya jawo buhu ya riƙe mana baki, sauran suka sa hannu. Iska ta taso, aka yi tsawa har awaki suka firgita. Ni dai salati nake a zuci, ina jin bayana kamar zai tsinke.

Duba-gari ya sake cakawa nan da can. Ya daɗe yana juyawa. Sannan ya miƙo min shebur ɗin ya ce, “Ku loda.” Da baro muka yi ta jigila, don mota ba ta shiga lungun. Ɗigon farko ya same mu muna ɗaure tamfol. Hajiya ta aiko mana da gurasa, muka ci a mota da hannun da ruwan sama ya wanke.

La'asar sakaliya muka iso gida, muka tarar ko ɗigo ba a yi ba. Muka sauke a gona, na raba da maƙwabcina. Na gane tsarin ƙaramar hukuma mai kyau ne, amma ba ya tsayuwa sai wani ya sunkuya ya sa hannu, kuma wadda ta fara sunkuyawa ta girme mu duka. Washegari ruwan shuka ya sauka. In Allah ya kai mu kaka, damin farko na Soron Ɗinki ne.