Kamuna da Kamun Kafinta

Jiya da hantsi ina tsaye a ƙofar falo, maigidana da kafinta Malam Sani suna ta juya sabuwar doguwar kujera, ta ƙi zama tsakanin bango da ƙofa. Ga shi jibi sunan jikata, dangin mijin ɗiyata za su taso daga Goronyo. Ina zan zaunar da surukai?

Abin da ya fi tayar mini da hankali, ni na rubuta awon da hannuna. Da girmana na koyi rubutu, sai da na sake takardar nan sau uku kafin na aika.

Na ce, "Malam, ko rubutuna ne ya ɓata aikin?"

Ya zaro takardar daga aljihu. "Hajiya, rubutunki ba shi da laifi. Kamu shida kinka rubuta, kamu shida munka yi. Amma da hannun wa kinka auna?"

"Da nawa mana."

Ya jera hannunsa da nawa, daga gwiwar hannu zuwa yatsa. Nasa ya ɗara nawa da yatsu huɗu cur. Maigida ya yi dariya har da riƙe bango.

Malam Sani ya auna wurin da igiya, ya koma shago ya rage tsawon, ya yi mini 'yar kujerar ɗora ƙafa da ragowar katakon. Yau ta zauna daram.

Takardar kuwa na adana ta, tunda ba ita ta yi kuskure ba. Ku fa, da mi kuke auna ɗakunanku?