Mabuɗin Ɗakin Sanyi na Malama Hai

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shekara arba'in da huɗu ke nan tun daminar da Rawayan Kogi ya cika har mutanen Lanzhou suka yi ta jera buhunan yashi a bakin gadar ƙarfe. A waccan shekarar na fara ɗaukar jakarki zuwa kan tsaunukan Qilian, Malama Hai Wenlan. A bana kuma, ranar Alhamis goma sha bakwai ga Afrilu, Allah ya karɓi abinsa, washegari bayan sallar Juma'a muka kai ki makwancinki.

Ni ne Mu Dexiang, mai jan alfadarai a da, mai riƙe da mabuɗin ɗakin sanyi, ma'ajiyar ƙanƙara ta cibiyar bincikenki, a yau. Ban taɓa zama a aji ba. Ke kika koya min rubutu cikin tanti ina ɗan shekara arba'in, saboda haka duk kuskuren da aka gani a wannan takarda, naki ne.

Aikinki shi ne ki sa kwamfuta ta faɗi inda babbar shimfiɗar ƙanƙara ta ƙarshen kudancin duniya za ta tsage, da lokacin da wani yanki zai ɓalle ya faɗa teku. Ni ko tekun ban taɓa gani ba. Ƙanƙarar tsaunukanmu kaɗai na sani, kika ce ai duk halinsu ɗaya.

Ba daga farko kika yarda da haka ba. Akwai bazarar da kika hau tsauni da takardun lissafi cike da jaka, kika ce kwamfuta ta nuna hanyar yamma lafiya lau take. Na sa kunne na ji ruwa yana gudu a ƙarƙashin ƙanƙarar da za mu taka, na ɗaure alfadaraina, na zauna kan dutse. Kwana biyu kina rarrashi, kina faɗa.

"Yaya Mu, ko alfadarin nan ya fi ka sauƙin kai," in ji ki.

Na ce, "Tambaye shi ki ji, shi ma bai yarda da takardar taki ba."

A rana ta uku da hantsi ƙanƙarar ta dare daidai inda da muna tafe, rami mai iya haɗiye babbar mota. Ba ki ba ni haƙuri ba, ba halinki ba ne. Sai kika kawo min shayi da dabino a ciki, kika buɗe littafi, kika ce in faɗa miki duk abin da kunnena ya ji. Ashe lissafin naki babu ruwa a cikinsa. Shekara uku kika yi kina shigar da shi. Tun daga nan babu tsagar da na taɓa gani, da shekararta da inda ta nufa, da ba ki zaunar da ni kin tatsa ba. Har sunana kika sa a wata takarda da aka buga da harshen da ba na ji.

Da gwiwoyina suka gaji da hawa, ke kika nemo min aikin ɗakin sanyi. Lokacin da matata ta kwanta asibiti, kullum sai kin zo da romo a kwano, kina cewa hanya ce ta biyo da ke, alhali gidanki yana can hayin kogi.

A ɗakin nan kika kafa al'adarki. Duk shekarar da kika fitar da sanarwar gurbin digiri na uku, masu nema sai sun biyo ta hannuna kafin su zauna gaban kwamiti. In yanko wa kowa dunƙulen ƙanƙara da zarto, in ba shi alƙalami ya ja layi inda yake ganin za ta tsage, sannan mu sa ta a injin matsi. Kusan kowa kuskurewa yake yi. Ba layin kike dubawa ba. Kina tsaye gefe kina kallon wanda zai yi sauri ya fice saboda sanyi da kunya, da wanda zai durƙusa ya tattara gutsattsarin yana juya su don ya ga me ya sa. Mai durƙusawan nan kike ɗauka, ko da takardunsa ba su kai na sauran kyau ba. Kin ce wanda ba ya iya zama da kuskurensa, ranar da kwamfuta ta yi masa ƙarya zai gaskata ta.

A bana ma kin fitar da sanarwa, gurbi ɗaya, mutum huɗu suka rage. Gobe Litinin za su zo. Kwana uku da rasuwarki, ranar da ake rabon soyayyar gurasa ta sadaka a gidanki, Dakta Lan Guohui, wanda ya hau kujerarki, ya ja ni gefe. Cikin ladabi ya ce kwamiti na ganin takardu da hira sun wadatar, in huta haka nan, in kawo mabuɗi.

Na ce, "Ɗana, mabuɗin nan ba kai ka ba ni ba."

Ba na jin haushinsa, idonsa jawur yake. Amma tunda zai karanta wannan, bari in tuna masa. Shekara goma sha tara da suka wuce wani siririn saurayi ya ja layinsa a tsaye, ƙanƙara ta tsage a karkace. Ya durƙusa babu safar hannu har yatsunsa suka yi fari, sai da na fitar da shi da ƙarfi. Cikin masu nema biyar, takardunsa ne na ƙarshe. Da takardu aka bi, Dakta Lan, da yanzu wani ne ke zaune a ofishin nan.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki Malam Sha Zhiyuan, da 'yarku Sha Ning, da ɗalibanki goma sha shida da ke warwatse a duniya. Allah ya ba ku haƙurin rashinta. Ke kuma Malama, Allah ya jiƙan ki, ya yafe kurakuranki, ya haskaka kabarinki, ya sa ilimin da kika bari ya riƙa isar miki da lada.

Gobe idan na idar da sallar asuba zan wasa zartona, in buɗe ɗakin sanyi, in yanka dunƙule huɗu, in ajiye alƙalami a kan kowanne. A gefen da kika saba tsayawa zan rataye rigar sanyinki, don Dakta Lan ya samu abin sawa idan ya sauko.