Rediyon Baba Da Ta Tuba

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, rediyon babanmu ma ta shiga layi. Da safe ta karanto labarai tas, rana na take, daidai lokacin shirin kiɗa, sai ta yi gum. Baba ya ɗauke ta ya zaga majalisun Zurmi yana shela cewa ko ƙarfen gidansa ya tuba.

Ni kuwa ina shekara ta biyu a kwalejin fasaha ta Kaura Namoda, ina karatun lantarki da geron da yake aiko mini. Da na zo hutu na ce ciwo ne ba tuba ba, sai ya harare ni.

"To gyara ta mu gani. In ka kasa, bokon ga ya ƙare, ga gona can tana jiran ka."

Na san ba ya maimaita magana.

Na kwance bayanta, na yi kwana biyu ina leƙe ban ga komai ba. Ran na uku na kama Baba yana ɗora ta kan kwanon rumfa. Mutanenmu kan shanya batir a rana wai ya farfaɗo, shi kuwa Baba ƙyuyar cirewa yake yi, sai ya shanya rediyon ɗungurungum. Na ari tabaran kakarmu na duba wani ɗan baƙin abu mai ƙafafu reras da masu gyara ke kira aisi. Dalmar ƙafa ɗaya ta tsage, tsagar ba ta kai kaurin gashi ba. Zafi na buɗa allon da ke riƙe da ita fiye da yadda dalmar ke iya bi, sai ƙafar ta saki, in an yi sanyi ta koma.

Na gasa ƙusa a garwashi na narka wurin. Da azahar, gaban abokansa duka, rediyo ta ɓarke da kalangu.

Baba ya yi salati. "Kun ga abin da aka koya mashi! Ya maishe ta ga saɓo."

Washegari da kansa ya ɗaura mini buhun gero a motar Kaura. Mota na tashi na waiga, na hango rediyon a kan kwano, tana shan rana.