Takin da Kawu Ya Kawo Mini

Da aka yanke mana jiha daga Sakkwato, sai aka raba kayan aiki kamar gado. Ni ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne, aikina auna naitirojin, sinadarin da ke sa ganye ya yi kore, a cikin ƙasa da takin zamani. Na'urar kashi biyu ce: murhun da ake dafa samfur da asid, da bututun gilashi mai tace tururi. Murhun ya iso Birnin Kebbi. Bututun kuwa, aka ce yana hanya.

Shekara biyu yana hanya. Kullum sai na zo na goge kwalabe, na sa farar riga, na zauna.

Ana gab da shuka kawuna ya zo daga Argungu, manomin shinkafa ne a fadama. Ya kwance wani ƙulli a kan teburina.

"Ɗana, takin ga ban yarda da shi ba. Aza shi ga injinka ka gaya min gaskiya."

Shi ya sai da bijiminsa ya kai ni makaranta. Duk garinsu ya gaya musu ɗan ƙanwarsa yana da injin da ba ya ƙarya. Na dubi murhun, bakina ya kasa cewa rabin na'ura nake gadi. Na shiga ciki, na zuba takin a ruwa, na ga ya narke, na daɗe a tsaye don ya zaci aiki nake. Na fito na ce, "Kawu, lafiya lau yake."

Ya saya, maƙwabtansa huɗu suka saya saboda shi. Shinkafa ta fito ta yi ɗorawa, ta tsaya iya gwiwa.

Da na je gaishe shi bayan girbi, na tarar ana zagin mai takin a ƙofar gida. Kawu ya ɗaga hannu.

"Ku bar ɗaukar alhakin mutum. Ɗana ya auna. Ƙasa ta ta gaji."

Na sunkuyar da kai. A kan maganata ya bar fadamar da ya gada, ya koma noman albasa a gonar aro. Har ya rasu bai taɓa tambayata ba, ni kuma kullum sai na ce wani zuwan zan faɗa masa.