Mutum Biyu Kawai Aka Nema, Don Crispín

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, Allah ya karɓi ran Don Crispín Ovelar, mai walda, a babban asibitin yankinmu. Ina ƙofar asibitin ina sayar da chipa, burodinmu na rogo da cuku, aka fito da labarin.

Don Crispín, kai ka san yadda wurin nan yake a da. Mace ta zub da jini wajen haihuwa, sai a ɗora ta a mota zuwa Asunción, babban birnin ƙasarmu, ta kai ko kada ta kai. Kai ka addabi 'yan majalisa da sintiri har aka gina ɗakin tiyata, aka kawo firjin ajiye jini. Bencinan da masu jinya ke zama a kai ma aikin hannunka ne, kyauta.

Ka'idar asibiti ita ce ba a yi wa mutum aiki sai danginsa sun kawo masu ba da jini. Mutumin ƙauye da bai san kowa a gari ba, wa zai kawo? Kai ne. Da 'yata Zunilda ta sha wuyar haihuwa, kafin in gama kuka ka riga ka naɗe hannun riga. Ka fito kana dariya, ka ce, "Ña Felicita, miƙo chipa biyu masu zafi. Yau na zama kawun jaririn nan, kuma kawu ba ya biya!"

Sai ga shi an gano ƙari a hanjinka. Likita ya ce a kawo mutum biyu masu ba da jini a yi aiki. Matarka, Ña Librada, ta kai sanarwa gidan rediyo, kuma da kunnena na ji. Na ce a raina, Don Crispín ne fa, ai layi zai kai bakin titi, bari cinkoso ya ragu in shiga. Direban motar asibiti haka ya ce. Mijin Zunilda haka ya ce. Kowa ya bar wa kowa, aka yi ta ɗaga aikin, har ciwon ya fi ƙarfin likita. Ni da ke zaune a ƙofa ina ganin masu shiga da fita, ban tashi na leƙa ba. Kunya ta ishe ni, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa.

A zaman makoki na so Ña Librada ta zage ni, ko na ji sanyi. Sai ta riƙe hannuna ta ce, "Haba Felicita, daina kuka. Shi ya hana ni bin gidaje. Ya ce, bar su, mutane na da hidima, za su zo."

Allah ya jiƙanka, Don Crispín, ya ba ka hutu na har abada. Allah ya ba Ña Librada da 'ya'yanka haƙuri. Mu kuma Allah ya yafe mana, don har yau na kasa buɗe baki in roƙi matarka gafara.